Amsa ga ɗan'uwan da ya samu tsohon injin finbol a sito

Wa alaikumussalam ɗan'uwa. Tun jiya na ga tambayarka, ka ce ka samu tsohon injin finbol, injin wasan nan da ake buga ƙaramin ƙwallon ƙarfe a kan fili a ƙarƙashin gilashi, a sito ya fi shekara 20 ba wanda ya taɓa shi, ƙura ta rufe shi, kana so ka jona ka ga ko zai tashi, in ya tashi ka bi shi da man feshi. Don Allah kar ka jona. Saki filogin nan tukuna. Ni uku na tayar zuwa yanzu, kuma na farkon da hannuna na ƙara masa ciwo saboda irin wannan ɗokin.

Abin da ya faru shi ne ina kawo shi na jona, fitilu suka kama, har na fara murna, sai na ji wani ƙugi zzzz daga ƙarƙashin filin wasan, kafin in gane daga ina yake ƙauri ya cika ɗakin. Ashe taransisto ɗaya ya mutu ya bar wuta na shiga koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke jan sandar ƙarfe in wuta ta shiga, ba tsayawa, shi kuma fiyus ɗin da ya kamata ya yanke, wani mai gyara can baya ya sa wanda ya ninka ƙarfin na asali. Koyil ya narke, allon lantarkin ya babbake a wurin. Aikin kwana ɗaya ya koma na wata biyu.

Da farko ka gano wane iri ne a hannunka, don ba ka faɗa ba. In lambobin maki a jikin wasu 'yan tayoyi suke masu juyawa kana jin ƙas ƙas, to na da ne, babu kwamfuta a ciki, moto ne mai juyawa da rile da makunnai birjik. In kuma lambobin na haske ne to yana da allon lantarki a cikin kan, wato akwatin da ke tsaye a saman injin, waɗannan daga wajen 1977 suka fara cin kasuwa. Duba sunan kamfanin, galibi Gottlieb ne ko Bally ko Williams ko Stern, ka nemi littafinsa da zanen wayoyinsa, shafin intanet na bayanan finbol mai suna IPDB na da su na injina da yawa. Kar ka fara komai ba wannan zanen, lalube a duhu za ka yi. Kuma kar ka damu wai kamfanin ya daina, Williams tun 1999 suka bar yin finbol amma har gobe ana ƙera kayan gyaransu.

Wajen buɗewa, gilashin saman nan ka zare shi a hankali ka jingine a kan kwali ko tsumma, in kusurwarsa ta taɓa siminti tarwatsewa yake gaba ɗaya. Sannan ka cire ƙwallon kafin ka ɗaga filin, in ba haka ba zai gangaro ya fasa maka robobi. Sa safar hannu ka rufe hanci, ni a cikin na biyu sheƙar ɓeraye na tarar, sun cinye rigar wayoyi wajen guda goma.

In mai allo ne, batir za ka fara dubawa kafin komai. Na Williams batir uku ne ƙanana a jikin allon, tsofaffin Bally kuma mai caji ne da aka liƙa da dalma. Shekara 20 a ajiye, da wuya ka same su ba su yi yoyo ba. Za ka ga wani kore-kore ko fari-fari kamar gishiri ya bi layukan tagulla yana cin ƙafafun kayan. Cire batir ɗin ka yar, ka fito da allon, ka haɗa farin binega da ruwa rabi da rabi ka goge wurin da tsohon burushin haƙori, ka ɗauraye, ka bi da sifirit, ka bar shi ya bushe sosai ko da kwana biyu ne. Duk abin da koren ya taɓa canza shi ake yi, don yana ci gaba da ci ta ciki ko ido bai gani ba. In ka gama kar ka mayar da batir jikin allon, ja waya ka ajiye gidan batir ɗin nesa.

Sai fiyus. Ɗaya bayan ɗaya ka zare ka karanta abin da aka rubuta a jiki ka gwada da na littafi, kar ka yarda da ido. Duba wayar filogi, in ta bushe tana tsagewa canza ta, ka tabbatar da wayar at. Duba kuma taransifoma a kan wuta nawa aka saita ta, 110 ko 220, don injinan da aka yi wa kasuwar Amurka a 110 suke zuwa. Koyil kuma ka bi su da mita, wanda takardar jikinsa ta yi baƙi ko mita ta nuna kusan sifiri ya tafi. Tura sandar kowanne da yatsa, in ba ta shiga ta fito sumul akwai magana.

Yanzu maganar man feshi, nan ne nake so ka saurare ni da kyau. Sandunan koyil a bushe aka yi su su yi aiki, ƙarfe ne ke zamewa cikin bututun roba. Ka sa mai yau za ka ga kamar ka yi gwaninta, bayan wata uku ƙura ta haɗu da man ta zama kamar ƙaro, komai ya cije. Ban da haka man feshin nan yana kama wuta, su kuma makunnan injin na da tartsatsi suke yi duk bugu. Abin da ke hana tsohon inji tashi yawanci tsohon giris ne da ya daskare a jikin tayoyin maki da fayafayan nan masu haƙora da ke tafiya taki ɗaya-ɗaya. Kwance su ake yi, a wanke da sifirit, a mayar. Ɗaya za ka kwance ka gama ka mayar kafin ka taɓa na gaba, kuma ka ƙirga zagaye nawa naɗaɗɗen sifirin ɗin ƙarfen ya yi kafin ka sake shi. Hoto kuwa ɗauki har wayarka ta cika, ni na taɓa kwana uku ina neman inda wata 'yar waya ja take komawa.

Bakin makunnai ma ba duka ake gogewa da magagari ba. Na injin mai allo yawancinsu an shafa musu ruwan zinare siriri, kati mai tauri za ka sa a tsakani ka matse ka ja, shi ke nan. Kuma kar ka bi su kana lanƙwasawa don ka ga kamar sun buɗe da yawa, da yawansu haka aka yi su.

Duk waɗannan in ka ɓata akwai sabo. Abin da babu sabonsa cikin sauƙi shi ne fenti. Gilashin kan nan mai zane, fentin a bayansa yake, in ya tsufa yana ɓarewa kamar ɓawon albasa, tsumma ɗaya za ka goga ka share fuskar mutum. Kar ka goge bayan ko kaɗan. Kwantar da shi, in yana tashi a feshe shi da Krylon Triple Thick, wani fenti garau marar launi, ya riƙe abin da ya rage. Filin wasan shi ma katako ne, ruwa ba ya zuwa kusa da shi. Tsotse ƙurar tukuna don in ka goga a kanta karce fentin za ta yi, sannan man goge na Novus 2 a tsumma mai laushi, sai kakin sheƙi na karnuba. Ka fara gwadawa a lungun da ba a gani.

Tsohon ƙwallon nan jefar da shi, ko da ɗigon tsatsa ɗaya ne. Ƙarfe ne mai nauyin kusan giram 80, in ya yi kaushi samfefa ya zama, shi ke cinye zanen. Zobunan roban da ƙwallo ke buguwa da su duka sababbi, ana sayar da su saiti da sunan injin. Ƙwayayen fitila in masu lamba 44 ne ka koma masu lamba 47, ba sa zafi kamar su, ba za su gasa maka robobin ado ba. Filifa, wato hannuwan nan biyu masu bugun ƙwallo, in sun yi sanyi yawanci ba koyil ba ne, sanda da bututu da matokari ne suka cinye, su ma saiti ake sayarwa.

Ranar jonawa ta farko, hannunka na kan makunni, kunne da hanci a buɗe, da ka ji ƙugin da bai tsaya ba ko ƙauri ka kashe nan take. Kuma kar ka kai hannu wajen allon lambobi yana kunne, na Bally wuta wajen volt 190 ke shiga ciki. Turo mana hoton cikin kan da na ƙarƙashin filin da sunan injin, musamman wajen batir ɗin, in gani ko allon zai gyaru ko sai an nemi wani.