Fatawa: Hukuncin Yinin Shaƙatawa a Jirgin Ruwa Tsakanin Tsibiran Zanzibar

Tambaya

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗan kasuwa ne a Kano, ban daɗe da yin aure ba. Mun shirya tafiya Zanzibar ni da amarya, za mu yi kwana 6. Ejan da ya shirya mana tafiyar ya sa mana yini guda na yawo a teku. Za a tashi da misalin ƙarfe 9 na safe daga wani ƙauye Fumba, a cikin jirgin katako mai tafiya da iska, a tsaya a kan tudun yashi a tsakiyar ruwa, a yi iyo, a ci gasasshen kifi a wani tsibiri, a dawo wajen ƙarfe 5. Ya ce kuɗin ya haɗa da abinci da abin sha, har da giya ga mai so. A hotunan da ya turo mini kuma na ga Turawa maza da mata kusan tsirara. Wani abokina ya ce mini akwai hadisin da ya hana shiga teku sai don Hajji ko jihadi. Malam, ya halatta mu je? In ya halatta, yaya za mu yi da Azahar da La'asar? Kuma za mu iya cin duk abin da aka kamo daga ruwan?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya sa albarka a auren, ya ba da zaman lafiya.

Mu fara kawar da maganar abokinka, Alhaji. Hadisin da yake nufi yana cikin Abu Dawud, cewa kada kowa ya hau teku sai mai Hajji ko Umara ko mai yaƙi saboda Allah. Malaman hadisi sun raunana shi, ba a gina haramci a kansa. Alƙur'ani kuwa gori Allah ya yi mana da teku a matsayin ni'ima: a Suratun Nahli, aya ta 14, ya ce shi ne ya hore teku domin ku ci nama ɗanye daga cikinsa, ku fitar da kayan ado, kuma kana ganin jirage suna keta shi. A Muwaɗɗa wani mutum ya ce wa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, "Muna hawa teku, muna ɗaukar ruwa kaɗan," bai ce masa me ya kai ku ba, hukuncin alwala ya ba shi. Shaƙatawar mutum da iyalinsa kuwa halal ce, yana ma samun lada in ya gyara niyya.

To amma tsugune ba ta ƙare ba. Tekun ba shi da laifi, jirgin da za ka shiga shi ne abin dubawa. A babin Hajji na Muhtasar, Shaihu Halil ya ce teku kamar tudu yake, sai fa idan halaka ta fi rinjaye, ko kuma mutum zai tozarta wani rukuni na salla saboda jiri da makamancinsa. Ya ƙara da cewa mace kamar namiji take, sai dai a hawan teku ana so ta samu wurin da ta keɓanta da shi. Dalili kuwa jiragen wancan zamani ƙanana ne, babu inda mace za ta kwanta ko ta kewaya ba tare da an gan ta ba. Ka lura, Hajji ake magana, farilla guda daga cikin shika-shikan Musulunci, aka gindaya waɗannan sharuɗɗa. Ina ga yawon shan iska? Da wannan ma'auni zan auna maka tafiyar.

Batun haɗari ba zan daɗe a kansa ba. Wannan yawo a cikin mashigin Menai ake yin sa, kusa da gaɓa, kuma kullum ana yi ana dawowa lafiya, saboda haka ba za a ce halaka ta fi rinjaye ba. Sai dai ruwa ba a yi masa gadara. A Zanzibar ɗin nan ne jirgin Spice Islander ya nitse a watan Satumba na 2011 tsakanin manyan tsibiran Unguja da Pemba, ɗaruruwan mutane suka rasu, kuma lodi ne ya yi masa yawa. Mu ma nan gida ba mu manta da kifewar jirgin ruwa a Bagwai a 2021 ba. Idan ka ga an cika jirgi fiye da ƙima, ko babu rigar kariya daga nitsewa da za ta ishi kowa, ko matuƙan da kansu suna ɗari-ɗari da iskar ranar, shiga ya haramta a gare ka, ko da kuɗinka za su tafi. Sanya rigar bai saɓa wa tawakkali ba, kuma wanda bai iya iyo ba wajibi ne a kansa.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Tirmizi ya ruwaito daga Jabir cewa wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira kada ya zauna a kan teburin da ake zagayawa da giya. A otal ko filin jirgi, mutum yana iya tashi ya canja wuri. A jirgin katako da bai wuce tsawon ɗaki biyu ba, ina za ka koma? Gwiwarka na gogar ta wani, akwatin sanyi a tsakiyarku, ana miƙa kwalba ta gaban fuskar matarka, ga kiɗa, kuma haka za ku yini tun hantsi har la'asar sakaliya. Wannan shi ne ainihin teburin da aka hana, har ma ya fi, tunda babu ƙofar fita. Haka batun kallo. Da Jarir ɗan Abdullahi ya tambayi Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, kan kallon ba-zata, umartar sa aka yi ya kawar da idonsa, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Rangwamen na wanda abin ya faɗo masa ne ba shiri. Wanda ya ga hotuna tun yana Kano, ya biya kuɗi, ya je ya zauna awa 8 daura da matan da ba su da sutura, ba zai kira wannan ba-zata ba. Ka tuna kuma amarya ma tana da ido, aya ta 31 a Suratun Nur ita ta umarta kamar yadda ta 30 ta umarce ka.

Saboda haka jirgin haɗaka irin wanda ejan ya siffanta maka, ban ga halaccin shigarsa ba. Kuɗin da ya haɗa da giya kuma ka ce a cire maka wannan kason, domin mai sayen ta yana cikin mutum 10 da aka la'anta a kanta, ko da ba shi zai sha ba.

Mafita tana nan, kuma ba mai wahala ba ce. Zanzibar garin Musulmi ne, mafi yawansu 'yan mazhabar Shafi'i, kuma Musulunci ya daɗe a can: a masallacin Kizimkazi akwai rubutu mai ɗauke da shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107. Matuƙan jiragen nan galibinsu masu salla ne. Ka ɗauki shatar ƙaramin jirgi ku kaɗai, ko ku haɗa kuɗi da wasu iyalai masu irin ra'ayinku, ka faɗa tun wajen ciniki cewa ba giya, kuma a tsaya muku lokacin salla. Zai fi tsada, gaskiya ne. Amma wanda ya iya biyan kuɗin jirgin sama na mutum biyu daga Kano zuwa gabashin Afirka, kada ya zo kan wannan ya ce aljihu ya yi kuka. A tudun yashin za ku tarar da wasu jiragen sun sauke mutanensu, wannan ba a hannunka yake ba. Ka ce wa matuƙi ya ajiye ku a can gefe, ko ku riga jama'a isa. Abin da ido ya faɗa a kai bayan wannan ƙoƙari, shi ne ba-zatan da aka yafe.

Iyo halal ne gare ku duka. Kai ka rufe tsakanin cibiya da gwiwa, gajeren wandon 'yan ƙwallo bai wadatar ba. Ita kuma ta sa tufa mai kauri da ta rufe jiki, ta san cewa yadi in ya jiƙe yana manne wa jiki ya siffanta shi, don haka a ajiye mata babban mayafi a bakin jirgi ta yafa da zarar ta fito, matuƙan nan ai ba muharramanta ba ne. Ka tambaya kuma tun kafin a tashi yadda ake yi da kewayawa, domin ƙananan jiragen ba kasafai suke da banɗaki ba. Maganar Halil ta wurin keɓewa ke nan ta dawo da ranta.

Sai salla. Alwala da ruwan teku ta inganta, amsar da aka bai wa mutumin can na Muwaɗɗa ke nan: ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Babu taimama alhali kana zaune a kan ruwa. Gishirin zai ɗan yi maka zafi a ido da hanci, shi ke nan.

Kasaru babu ita a wannan yini. Risala ta ce tafiyar kasaru mil 48 ce, abin da malaman zamani suke ƙiyastawa da kilomita 80 da 'yan kai, kuma zuwa kaɗai ake lissafawa ban da dawowa. Halil ya ce ko ta teku ce haka ne. Tsibiran nan kuwa a bakin ƙofa suke, Changuu ma da ake zuwa kallon manyan kunkuru bai kai kilomita 6 daga tsohon birnin Zanzibar ba. Kai kuma da ka yi niyyar kwana 6, ka wuce kwana 4 da suke yanke hukuncin tafiya, don haka tun ranar da ka sauka cikawa za ka riƙa yi. Da a ce kwana 2 ko 3 za ka yi, da kana nan a matsayin matafiyi, ka yi kasaru a otal da kan tsibiri baki ɗaya.

Haɗa Azahar da La'asar fa? Mutane da yawa ba su san cewa a mazhabar Malik rangwamen haɗa salla na matafiyin tudu ne ba. Halil ya ƙayyade shi da tudu, ban da teku, domin wanda ke cikin jirgi ba ya shan wahalar sauka da ɗaura kaya irin ta mai raƙumi, yana iya sallarsa jirgi na tafiya. Shafi'awan garin ma ba su yarda da haɗawa a gajeriyar tafiya ba. Kuma ba ka ma bukata. Zanzibar kusa take da layin da ya raba duniya arewa da kudu, lokutan salla ba sa canzawa sosai duk shekara: rana tana gushewa tsakanin 12 da 'yan mintuna zuwa 1 saura, ta faɗi wajen 6 da rabi. Azahar za ta same ku a tsibiri lokacin cin abinci, ku yi ta a kan yashi, mai tsarki ne. La'asar kuma in kun dawo ƙarfe 5 ku yi ta nan take a Fumba kafin ku shiga mota, kada ku bari rana ta yi fatsi-fatsi. In ka ga za a makara, yi ta a cikin jirgi.

Sallar cikin jirgi a tsaye ake yin ta, ana fuskantar alƙibla, in jirgi ya juya kai ma ka juya matuƙar da hali. In tsayuwa za ta jefa ka ruwa, ko jiri ya kama ka, ka zauna, bisa hadisin Imrana ɗan Husaini da ke Buhari: yi salla a tsaye, in ba ka iya ba a zaune. Amma wanda ya san kansa, ya san da zarar ya hau ruwa amai zai kwantar da shi har lokaci ya fita, wannan kada ya hau don shaƙatawa.

Ga wani abu da yake kayar da mutanenmu. Mu a bakinmu gabas ita ce alƙibla, har mukan ce wane ba ya kallon gabas. A Zanzibar kuwa Makka tana arewa kusan sak. Na taɓa shiga irin wannan jirgi a can, da lokaci ya yi na duba inda rana ta fito na shimfiɗa rawanina. Wani dattijo cikin matuƙan, yana tsugune ya jawo ruwa da bokiti mai igiya yana alwala, bai ce mini uffan ba. Da ya gama ya zo ya kama gefen rawanin ya karkatar da shi hagu, ya nuna da haɓa. Na ji kunya, na kuma gode masa. Ka sa hannun damanka wajen fitowar rana, ka fuskanci alƙibla ke nan. Ka kuma kula da agogonsu: Suwahilawa daga wayewar gari suke fara ƙirgen awa, in matuƙi ya ce maka "saa tatu", wato ƙarfe uku, 9 na safe yake nufi. Tudun yashin nan kuma ruwa ne yake janyewa ya bayyana, in ya ciko ya shanye shi, kuma lokacin yana matsawa da kusan minti 50 kowace rana. Kada ka ce sai an jima za ka yi salla a kansa, ka tambayi matuƙi yaushe ruwa zai dawo.

Kada ka sa yawon ranar Juma'a. Mai niyyar zaman kwana 4 Juma'a ta hau kansa a wajen malamanmu, fita bayan alfijir makaruhi ne, bayan gushewar rana kuwa haramun.

Abinci shi ne mafi sauƙi. Suratul Ma'ida, aya ta 96, ta halatta farautar teku da abincinsa. A wajen Malik duk abin da ke rayuwa a teku ana ci ba tare da yanka ba: kifi, ƙaguwa, jatan lande, har da wata halitta mai hannaye 8 da suke kira pweza. Hanafawa ne suka taƙaita a kan kifi. In ranka bai kwanta da siffarta ba ka bar ta, ƙyama daban, haramci daban. Abin da za ka tambaya kawai shi ne ko an zuba giya a miya ko a romon da aka jiƙa kifin, domin wasu masu dafa wa Turawa suna yi.

Idan kun taka jirgi ku karanta addu'ar hawa da ke Suratuz Zukhruf, aya ta 13 da ta 14, ayar da ta gabace su ma jirgin ruwa ta fara ambata kafin dabbobi. Ku ƙara da ta Annabi Nuhu a Suratu Hud, aya ta 41: Bismillahi majreha wa mursaha.

Wallahu a'alam.