Na'urar gano motsi: guda nawa zan saya, a ina zan kafa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Sitona tsawonsa mita 20 ne, faɗinsa mita 10, ƙofa ɗaya da taga biyu. Na'urar gano motsi nawa za ta ishe ni?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kafin ka sayi ko ɗaya, zana siton a takarda, ka sa alama a duk mashiga da hanyar da mai shigowa zai bi ya kai ga kaya. Nan ne ake tsarewa da farko.

Yawancin na'urorin PIR (wato masu gano motsi ta hanyar jin zafin jikin mutum) na cikin gini suna hango kimanin mita 12, a buɗewar digiri 90, shi ya sa kusurwa ta fi dacewa da su. In ka kafa biyu a kusurwoyin da ke fuskantar juna a karkace, za su ci kusan duk filin, amma za a bar giɓi na kusan mita ɗaya da rabi a jikin kowane dogon bango. Idan taga ta faɗo a giɓin nan, sai ka ƙara ta uku. Mu dai uku muke ba da shawara, musamman da yake kanta ko tarin buhuna suna tare mata gani gaba ɗaya.

Ka ɗaga ta mita 2.1 zuwa 2.4 daga ƙasa. Kada ka sa ta fuskanci ƙofa kai tsaye: ta fi saurin kama wanda ya gitta ta gabanta fiye da wanda ya nufo ta. Bayan an kafa, ka zagaya ko'ina a hankali kana duban 'yar fitilarta. Inda ba ta kunna ba, nan ɓarawo ma zai wuce. A maimaita gwajin da tsakar rana, domin idan zafin ɗaki ya kusanci na jikin mutum, nisan ganinta raguwa yake yi.

Tambaya: Tawa tana ta kuka ba kowa a ɗakin. Ta lalace ne?

Amsa: Da wuya. Canjin zafi take ji, don haka duba ko rana na haska ta ta taga, ko iskar na'urar sanyaya ɗaki na bugun ta, ko gizo-gizo ya yi saƙa a fuskarta. Sauya mata wuri tukuna. In abin ya ƙi, sayi mai haɗa PIR da maikirowef (wato siginar rediyo mai gano motsi), wadda ba ta kuka sai duka biyun sun ga motsi.