Amsa: Yawan takardu ko yawan ambato, wanne ke nuna ƙarfin mai binciken ƙoda?

Malam, ka tambaya ko yawan takardun da likitan ƙoda ya wallafa ne ma'auni, ko yawan masu ambaton aikinsa. To ni dai a ganina yawan takardu kaɗai ba ya gaya maka komai, mutum zai iya sa sunansa a takarda ɗari babu wadda ta canza yadda ake duba mara lafiya.

Ka duba Andrew Levey na asibitin jami'ar Tufts da ke Boston a Amurka. Shi da abokan aikinsa suka fitar da lissafin MDRD a 1999, sannan CKD-EPI a 2009, wato hanyar ƙiyasta ƙarfin tacewar ƙoda daga kiriyatinin na jini (wani datti da ƙoda ke tacewa daga jini) da shekaru da jinsi, kuma an ambaci takardun nan sau dubbai saboda duk mai bincike a kan ciwon ƙoda sai ya auna eGFR, wato wannan ƙiyasin ƙarfin tacewar ƙoda, dole ya ce ga inda ya ɗauko lissafin. Shi ya sa takardun hanyar awo kan tara ambato fiye da sauran.

Akwai h-index, ma'aunin da ke haɗa yawan takardu da yawan ambato, da Jorge Hirsch ya kawo a 2005, in ka ga 40 to mutum na da takardu 40 da kowacce aka ambata aƙalla sau 40, shafin neman takardun bincike na Google Scholar zai nuna maka.

Amma fa ambato ba ya nufin babu gyara. Lissafin 2009 yana ƙara kusan kashi 16 cikin ɗari a kan sakamakon eGFR na baƙar fata, sai ƙoda ta bayyana da lafiya fiye da yadda take, wannan abu yana damuna sosai wallahi, don yana iya jinkirta magani. A 2021 aka fitar da sabo wanda ya cire launin fata.