Tambaya da Amsa: Wasan Minti Biyar da Yaro Mai Taurin Kai

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa huɗu, ba ya jin magana ko kaɗan. Da an hana shi abu sai ya zube ƙasa yana birgima, yana jifa da duk abin da hannunsa ya kai, wani lokaci har ya kai wa ƙanwarsa duka. Na yi faɗa, na yi tsawa, abin sai gaba yake yi. An ba ni shawarar in riƙa wasa da shi kullum. Anya wannan ba raini zai jawo ba? Daga wata uwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya shirya mana zuri'a. Shawarar tana da tushe. Wata masaniyar halayyar yara a Amurka, Sheila Eyberg, ta tsara irin wannan hanya a shekarun 1970 domin yara 'yan shekara 2 zuwa 7. Dalilinta shi ne, yaron da ba a waiwayarsa sai ya yi ɓarna yakan gane cewa ɓarna ce ke jawo hankalin mahaifiyarsa. Tsawa ma kulawa ce a wurinsa. Wasan yana ba shi wannan kulawa a lokacin da yake cikin natsuwa. Batun raini kuwa, dokokinki na gida suna nan daram, minti biyar ɗin ne kawai nasa.

Ki ware minti biyar kullum a lokaci guda, daga ke sai shi, waya a ajiye. Ki fito da kayan wasa iri biyu ko uku: bulullukan gini, takarda da fensir mai launi, ƙananan motoci. Ki bar bindigar wasa da wasan waya, da duk wasan da ake ci ko a faɗi, domin su ne ke tayar da rigima.

Shi ne jagora. Abu uku za ki kame bakinki a kansu: umarni, suka da tambaya. Tambayar ce ta fi wuyar bari. Iyaye suna ganin "wane launi ne wannan?" koyarwa ce, alhali ta mayar da wasan jarrabawa, ta kuma ƙwace ragamar daga hannun yaron. A maimakonta, ki riƙa faɗin abin da hannunsa ke yi: "Ka ɗora jan bulo a kan shuɗi." In ya ce "mota ta faɗi", ki ce "Eh, motar ta faɗi ƙasa." In ya karya kalma, ki maimaita ta daidai ba tare da kin ce ya yi kuskure ba. Ya zana da'ira, ke ma ki zana taki. Sai yabo, kuma ki ambaci abin da kike yabawa. "Yaron kirki" ba ta gaya masa komai, amma "Na ji daɗi da ka ajiye fensirin a hankali" ta nuna masa abin da zai sake yi. Ma'aunin da masu koyar da hanyar ke amfani da shi: a cikin minti biyar a samu irin wannan yabo 10, maimaita maganarsa 10, bayyana aikinsa 10, tambaya da umarni da suka kuma kada jimillarsu ta wuce 3. Ba a kaiwa nan rana ɗaya.

In ya fara ƙunƙuni ko ihu, ki kau da kai, ki ci gaba da naki wasan, ba harara ba magana. Da ya natsu, ki juyo ki yabe shi nan take. Ki sani abin zai ƙaru a kwanakin farko, domin yana gwada ko ƙarin ihu zai dawo da ke. Nan ne iyaye da yawa ke karaya, kuma in kin sakar masa a daidai lokacin, kin koya masa cewa ihu mai ƙarfi ne ke biya. Duka ko jifa ba a kau da kai a kansu. Ki ce cikin sanyin murya, "Wasa ya ƙare yau saboda ka buge ni, gobe za mu sake," ki kwashe kayan. Gobe kuwa ki cika alkawari. Kada ki soke wasan don laifin da ya yi da safe.

Sai wasan ya zauna sannan a koma kan umarni: ɗaya a lokaci guda, a faɗi abin da zai yi ("sa takalminka a ƙofa") a maimakon abin da zai bari, a jira daƙiƙa biyar shiru, a yaba in ya bi.

In makonni sun shuɗe kina yi kullum ba canji, ko yana ji wa kansa ko ƙanwarsa rauni, ko maganarsa ta yi baya da ta tsaransa, ki kai shi wurin likitan yara a duba jinsa da ci gabansa. Wani yaron da ake cewa ba ya jin magana, kunnen ne da gaske ba ya ji sosai.