Kada ka matsar da mautfis ɗinka tukuna, ka fara duba inda iskarka take bi

Salam ƙanena. Na ga tambayar da ka yi, cewa mautfis ɗin turampet ɗinka, wato ɗan ƙarfen da ake ɗora leɓe a kai a busa, yana zama ƙasa-ƙasa, leɓen ƙasa ya fi shiga ciki, malaminka ya ce sai ka ɗaga shi sama, kuma tun da ka ɗaga manyan notoci suka gudu, shi ne kake so ka san wane irin baki ne da kai. Wallahi da na karanta sai da gabana ya faɗi don abin da ya same ni kenan sak.

Na yi shekara 19 ina busa a badujala, da begila na fara kafin turampet. Ni ma nawa ƙasa yake zama tun ina yaro kuma ina kaiwa notan C ta sama ba wahala, sai wani shugaban bandinmu ya dube ni ya ce wannan ba daidai ba ne, dole kashi biyu cikin uku ya koma leɓen sama. Na bi umarni. Kusan shekara biyu G ɗin saman layi ma sai na danna ƙarfen har cikin leɓena ya tsage, in an tashi fareti ina tofar da yawu da jini-jini, sauti kuma ya dushe kamar mai mura. Ranar da na gaji na mayar da shi inda yake a da, cikin 'yan makonni komai ya fara dawowa.

Daga baya na gane ba ni kaɗai ba ne. Donald Reinhardt, mabushin turombon ne a Filadelfiya ta Amurka, ya rasu 1989, ya kwashe rayuwarsa yana leƙa bakin mabusa har ya kasa su iri 9. Ɗalibinsa Doug Elliott ya taƙaita su zuwa 3 kuma da wannan nake aiki. Na farko mautfis yana can sama sosai kusa da hanci, leɓen sama ya cika shi, iska tana bugun ƙasan kofin, wato ramin cikin mautfis ɗin, in mabushin zai hau manyan notoci yana tura leɓe da mautfis tare su yi sama kan haƙora. Na biyu shi ma leɓen sama ya fi yawa amma ba sosai ba, iska ƙasa take yi, sai dai in zai hau yana jawo su ƙasa ne. Na uku shi ne namu, leɓen ƙasa ya fi yawa, iska tana bugun saman kofin, hawa kuma ja ƙasa ne. Mu ne 'yan tsiraru shi ya sa malamai da yawa suke ɗauka kuskure ne, tunda su ba haka bakinsu yake ba.

Su kansu manyan ba su daidaita ba fa. Arban na Faransa da kowa yake karatu da littafinsa ya fi son kashi ɗaya sama biyu ƙasa, shi kuma Philip Farkas mai busa ƙahon da ake kira hon a Shikago ya ce biyu sama ɗaya ƙasa. Tsarin haƙoranka da muƙamuƙi da tsawon leɓen sama su ne suke yanke hukunci, masu guntun leɓen sama sau da yawa ƙasa suke komawa.

Yadda za ka duba, ka samu mautfis na roba mai garai-garai wanda ake ganin ciki, ka sa wani ya ɗauke ka bidiyo da waya daga gefe kusa-kusa. Ka busa C ta ƙasa ka zame zuwa ta tsakiya ka dawo ba tare da harshe ba kuma kada ka cire ƙahon daga baki, ka maimaita kamar sau goma. Za ka ga wane leɓe ya rufa kan ɗan'uwansa da inda raɓa take taruwa a kofin. Ka sa ido kan tazarar da ke tsakanin hancinka da bakin mautfis, in tana raguwa lokacin hawa to sama kake turawa, in tana ƙaruwa ƙasa kake ja. Motsin kaɗan ne sosai, wani ma a karkace yake yi, ba laifi.

Kada ka yi hukunci da inda bakin ƙahon yake kallo, akwai mai sunkuyar da turampet amma iskarsa sama take bi. Shatin zoben da yake fitowa a leɓe bayan busa yana ɗan taimakawa amma shi kaɗai bai isa ba. Kuma in ka ga iskar tana juyawa, ƙananan notoci sama manya ƙasa, har sauti yana karyewa a wuri ɗaya kullum, wannan ita ce matsalar gaske, yawanci masu sa shi rabi da rabi take kamawa.

Malaminka kada ka yi jayayya da shi a gaban mutane, ka same shi shi kaɗai da ladabi ka busa masa da mautfis ɗin a ƙasa da kuma a sama ya ji da kunnensa. Ka turo bidiyon nan in ka ɗauka, da hoton haƙoranka a haɗe, in sha Allah zan duba maka.