Filin Tambaya da Amsa: Wace Burauza Za a Damƙa wa Asusun Banki?

Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa a babbar kasuwar Garwa. Wayata Tecno ce, akwai Chrome da Opera Mini da Phoenix a ciki, ɗana kuma ya tura min UC Browser ta Xender. Da wacce ya kamata in riƙa duba asusuna na banki?

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka yi da Chrome, amma da sharaɗin ka sabunta ta. Ba sunan burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, ke kare mutum ba, ranar da aka yi mata gyara na ƙarshe ce. Babu wadda ba ta da kafar da ɓarawo zai bi. A watan Satumba na 2023 an gano wata ɓaraka a yadda ake buɗe hotuna irin na WebP, wadda ta shafi Chrome da Firefox da Edge da Opera a lokaci guda. Hoton da aka shirya da mugun nufi ya isa ya buɗe wa maharin ƙofa, ko mai waya bai sauke komai ba. Kamfanonin sun toshe ta cikin 'yan kwanaki, amma wanda bai sabunta ba yana nan da ita har yau.

A nan ne mutanenmu ke faɗawa. Play Store an saita ta kada ta sabunta manhaja sai an hau Wi-Fi, mu kuwa galibinmu da datar MTN ko Orange muke aiki, sai a shekara burauza ba ta ga gyara ba. Ka shiga Play Store, ka nemo Chrome, in ka ga Mettre à jour ka danna. Ka riƙa yin haka aƙalla sau ɗaya a wata, ka haɗa da wata manhaja mai suna Android System WebView, domin ita ce ke buɗe shafukan intanet a cikin manhajoji da yawa. In wayar tana kan Android 8 ko 9, Chrome ta daina aiko mata da sabon zubi tun 2025, waɗanda suka fi tsufa kuwa tun kafin haka, sai ka gwada Firefox.

Opera Mini tana da amfani babba inda hanyar sadarwa ke da rauni, a ƙauye ko a mota kan hanyar Marwa. Dabararta ita ce shafin da ka nema yakan fara biyawa ta manyan kwamfutocin kamfanin, su matse shi, sannan ya iso maka. Shi ya sa ba ta cin data. Sai dai in tana kan matakin tsimi mafi tsanani, abin da ka rubuta ta hannunsu yake wucewa, wasu shafukan kuma maɓallansu ba sa aiki. Ka karanta labarai da ita, kada ka shiga banki da ita.

UC Browser kuwa shawararmu ka goge ta. A 2015 masu bincike na Citizen Lab a Jami'ar Toronto sun nuna tana fitar da lambar shaidar waya da ta layi da wurin da mutum yake ba tare da kariyar kirki ba, Indiya ma ta haramta ta a 2020. Ga shi kuma ta Xender ta zo maka, ba ka san tsufanta ba, ba ka san hannun da ta bi ba. Phoenix ba ta da wani abin da ta fi Chrome da shi a tsaro, labarai da sanarwa kawai za ta ƙara maka.

Ni malamar firamare ce a Marwa. Kullum saƙo na fitowa a saman wayata cewa ta kamu da cuta, wani lokaci har da hotunan rashin kunya, ga yara na ɗaukar wayar. Ta lalace ke nan?

Ki kwantar da hankalinki, Malama, mafi yawan lokuta lafiyar waya ƙalau. Wani shafi ne, galibi na sauke waƙa ko fim ko kallon ƙwallo, ya nemi izinin aiko da sanarwa, wani ya danna Autoriser. Shafin intanet ba shi da ikon bincika wayarki ya gano cuta. Tsoratarwa ce don ki sauke manhajarsu ko ki rubuta lambar sirrinki ta Orange Money ko MoMo.

Ki buɗe Chrome, ki taɓa ɗigo ukun nan na sama, ki shiga Paramètres, sai Paramètres des sites, sai Notifications. Za ki ga jerin shafukan da aka ba izini. Ki toshe duk wanda ba ki sani ba, sannan ki kashe maɓallin da ke ba shafuka damar neman izinin. In abin bai daina ba, to ba daga burauza yake ba: ki duba manhajojin da aka saka kwanan nan, musamman masu cewa suna wanke waya ko ƙara mata sauri, ki cire su. Tunda yara na amfani da wayar, Firefox za ta fi miki sauƙi, domin ta Android tana karɓar ƙarin nan mai toshe talla, uBlock Origin, abin da Chrome ta waya ba ta yi.

Ina da shagon buga takardu a Njamena, kwamfutoci uku masu Windows 7. Chrome ta ce ba za ta ƙara sabuntawa ba. Akwai matsala?

Akwai, Malam, babba ma. Chrome 109 ta farkon 2023 ita ce ta ƙarshe a Windows 7, haka ma Edge. Windows 7 ɗin kanta Microsoft ta daina kula da ita tun Janairun 2020. Firefox 115 ESR ta fi su jimawa tana samun gyara a kan tsohon tsarin, don haka ta fi Chrome 109, amma riƙon ƙwarya ce kawai. In injinan ba za su ɗauki Windows 11 ba, a saka musu Linux Mint, wani tsarin kwamfuta da ke maye gurbin Windows, kyauta ce, da Firefox sabuwa a cikinta. Ka fara gwadawa a kan guda ɗaya, ka ga ko na'urar buga takardunka ta amsa, kafin ka taɓa sauran.

Amanar masu zuwa shagon ma tana wuyanka. Ka kashe adana kalmar sirri a kowace burauza, ka sa kowa ya shiga akwatin saƙonsa ta Navigation privée, ya rufe tagar gaba ɗaya in ya gama. Wannan yana goge tarihi da shigarsa daga kwamfutar, amma takardar da ya sauke, fasfo ne ko sakamakon jarrabawa, tana nan a Téléchargements sai an goge ta da hannu.

Daga Kusiri: alamar kwaɗo da nake gani kusa da adireshi a Chrome ta ɓace. Shafukan ba su da tsaro ke nan?

A'a, Google ce ta sauya alamar a 2023, saboda mutane sun ɗauka kwaɗo shaida ce ta gaskiyar shafi. Abin da yake nufi kawai shi ne ba mai leƙen abin da ke wucewa tsakaninka da shafin, 'yan damfara ma suna samunsa kyauta. Ka karanta adireshin harafi bayan harafi, musamman sunan da ke daf da .com ko .cm ko .td, kuma adireshin banki ka rubuta shi da hannunka maimakon bin wanda aka turo maka ta WhatsApp.