Gwanjon sunayen shafukan intanet: duba tarihi kafin ka taya

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na ga wani sunan shafi mai ƙarewa da .com a gwanjon GoDaddy, kamfanin rajistar sunayen shafuka, mai shi bai sabunta ba. Ya dace da sana'ata ta takalma. In taya? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Barka kadai ɗan'uwa. Ka taya, amma ba yau ba.

Sunan shafi haya ake karɓarsa. Idan wa'adi ya cika ba a biya ba, kamfanin rajista kan yi wa mai shi lamuni har kwana 45, sannan kwana 30 na fansa da tara, sai kwana 5 kafin a sake shi. GoDaddy kuwa tun cikin kwanakin lamunin yake sa shi a gwanjo, don haka mai shi yana iya farkawa ya biya, a maido maka kuɗinka.

Abin da ya fi damuna tarihin sunan ne, domin shago ne da wani ya zauna kafin kai. Shiga archive.org, rubuta sunan a Wayback Machine, ma'ajiyar da ke nuna yadda shafuka suke a baya, ka bi shekara bayan shekara. Na taɓa duba wa wani ɗalibina suna mai daɗin faɗi. Shekarun farko shafin ɗinki ne, daga baya sai ga tallar caca da magungunan bogi. Irin wannan, imel ɗin da ka aika wa abokan ciniki sai ya riƙa faɗawa kwandon shara. Kuma tun watan Maris na 2024 Google ya fara hukunta masu sayen tsohon suna don kawai su ci gajiyar darajarsa.

Idan da sunan wani kamfani a ciki, kamar Nike, ka bar shi. Kamfanin yana iya kai ƙara WIPO, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta duniya a Geneva, a ƙwace, kuɗinka ya tafi.

Ranar gwanjo, rubuta iyakar kuɗinka a takarda ka ajiye gefen waya. Duk tayin da ya shigo a mintunan ƙarshe yana ƙara lokaci, nan zuciya ke ɗebar mutum. Da dala za ka biya, ga kuɗin sabuntawa a kai. In farashin ya wuce takardarka, duba ko sunan yana nan a .com.ng, wanda NiRA, ƙungiyar rajistar sunayen intanet ta Najeriya, ke kula da shi. Wannan da naira za ka yi rajistarsa.